Ta ina shugaban makaranta zai fara idan yana son malamansa su riƙa koyo da juna?

Sabon Shugaba ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamaina. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin shugabancin makaranta ciki da waje.

A ɗauki makarantar sakandare mai malamai 32 da ɗalibai wajen 900, darasi 8 a rana, kowane darasi minti 40. Malaman ba ragwaye ba ne, yawancinsu sun san fanninsu. Matsalar ita ce kowa ya shiga aji sai ya ja ƙofa, babu wanda ya san abin da na kusa da shi yake koyarwa. Malamai uku na koyar da lissafi ga 'yan shekarar farko, kowa da ajinsa, amma kowa da irin gwajin da yake bayarwa, kowa da inda ya tsaya a manhaja. Taron malamai kuma bai wuce sanarwa ba: shugaba ya karanta, a sa hannu a rajista, a watse.

A kowace bita ana cewa shugaba ya zama jagoran koyarwa, ya mai da makarantarsa al'ummar masu koyo. Maganar da daɗin ji, amma ba a faɗin abin da mutum zai fara taɓawa da hannunsa. Me ake fara gyarawa? Yaushe malamai za su zauna, kuma me za su yi idan sun zauna? Shi shugaban mene ne nasa a ciki? Sannan ta yaya za a gane abin ya kai ga ɗalibai, ba taron tsintsiya ba shara ake yi ba?

Tsohon Sufeto ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taya riƙo. Abin da za ka fara taɓawa shi ne jadawalin darussa. Duk haɗin kan da ba shi da gurbi a jadawali, mako uku zai yi ya mutu, komai kyan niyyar masu yinsa.

Raba malaman 32 zuwa rukuni kamar 6, kowane rukuni mutum 4 zuwa 6. Idan suka haura 8, zaman ya koma lacca, mutum biyu na magana saura na duba waya. Idan ba su kai 3 ba, ranar da ɗaya ya yi rashin lafiya babu zama. Ka haɗa waɗanda suke koyar da abu ɗaya ga yara masu shekara ɗaya, domin su ne suke da abin da za su ɗora a kan tebur tare. Malamin da shi kaɗai ne a fanninsa, kamar na zane ko na kwamfuta, ka sa shi cikin rukunin da ke aiki a kan abin da ya shafi kowa, misali yadda ɗalibi zai karanta sakin layi ya fitar da ma'anarsa, ko ya rubuta bayani mai jimla biyar da ke bin juna.

Kowane rukuni a ba shi darasi biyu a jere, wato minti 80, sau ɗaya a mako, a cikin lokacin aiki. Dabarar ita ce mai tsara jadawali ya fara toshe waɗannan gurabe kafin ya zuba ko darasi ɗaya. A ce rukunin lissafi Talata darasi na 3 da na 4, to a wannan lokacin babu ajin da za a sa wa lissafi, sauran fannoni ne za su cike. Idan aka gama jadawali sannan aka koma neman gurbin da malamai biyar duk ba su da aji, ba za a samu ba. Kada kuma ka mai da zaman bayan an tashi. Mutum ya yi darasi 6 a tsaye, yana da iyali da hanya a gabansa, za ka samu jikinsa ne kawai, kuma daga baya jikin ma za ka rasa.

Abin da za su yi idan sun zauna ba sai ka ƙirƙiro ba. Richard DuFour, wanda ya shugabanci makarantar sakandare ta Adlai Stevenson a jihar Ilinois ta Amurka kuma ya yi fice a wannan fagen, ya taƙaita aikin a tambayoyi huɗu: me muke so ɗalibai su iya, ta yaya za mu san sun iya, me za mu yi wa waɗanda ba su iya ba, me kuma za mu yi wa waɗanda tuni sun iya. Duk maganar da ba ta amsa ɗaya daga cikin huɗun nan ba, ba ta wannan zaman ba ce.

Ina ba da shawarar a yi aikin zagaye-zagaye, kowane zagaye mako 6, ta yadda zango ɗaya zai ɗauki biyu. Makon farko rukuni ya zaɓi batu guda tak daga manhaja, wanda aka san yara na tuntuɓe a kansa, su rubuta tambayoyi 6 zuwa 8 da za a amsa cikin minti 15, su kuma amince da irin amsar da za a ce ta nuna an iya. A nan ne za ka fara ganin amfanin zaman, domin sau da yawa malamai uku ba su taɓa yarda a kan ma'anar "ya iya" ba, ba su kuma san ba su yarda ba. Mako na 2 su tsara darasin tare: misalin da za a fara da shi, tambayar da za a jefa a tsakiya, kuskuren da ake tsammani. Mako na 3 da na 4 a koyar, kowa ya leƙa ajin ɗan'uwansa ko sau ɗaya, a ƙarshen mako na 4 a ba da gwajin a rana ɗaya ga dukan azuzuwan. Mako na 5 a baje takardun yaran. Mako na 6 a sake koyar da abin da ya faɗi ta wata hanya dabam, a sake gwadawa da sababbin tambayoyi masu nauyi ɗaya. Irin wannan tsara darasi tare da kallon yadda ya gudana daɗaɗɗen abu ne a makarantun Japan, kuma daga can ya bazu zuwa ƙasashe da yawa bayan shekarar 1999.

Naka aikin a ciki kashi biyu ne. Na farko, tsaron wannan minti 80. Kada ka ari lokacin don sanarwa, ko tattara maki, ko shirin tarbar baƙi. Ranar da shugaba ya fara cewa "yau dai a ɗage zaman", malamai sun fahimci matsayin abin a wurinsa. Sanarwa a rubuta ta a takarda guda ko a tura ta waya. Na biyu, ka zauna a ciki da kanka. A 2008 Viviane Robinson ta Jami'ar Auckland da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a baya suka auna tasirin ayyuka biyar na shugaban makaranta a kan sakamakon ɗalibai. Wanda ya fi kowanne nauyi shi ne shugaba ya ƙarfafa koyon malamai ya kuma shiga a yi da shi, ma'aunin ƙarfin tasirinsa 0.84 (yadda lambar ta fi girma, haka tasirin ya fi ƙarfi). Kafa manufa ya samu 0.42, tabbatar da tsari da natsuwa a makaranta 0.27. Ka lura da kalmar shiga. Ba aika malamai bita ba ne kai kana ofis.

Rahoton zama kada ya wuce shafi ɗaya: batun da aka duba, abin da aka gano, abin da kowa zai gwada, ranar da za a dawo kansa. Idan ka nemi fom mai shafi huɗu, fom ɗin za su riƙa cikewa a minti 80 ɗin.

Malamar Lissafi ta amsa:

Allah ya saka wa Malam Sufeto da alheri. Zan tsaya a mako na 5, domin a nan yawancin rukunoni suke ɓacewa. Ana zuwa da maki, a ce aji kaza ya samu kashi 60 cikin 100, aji kaza 45, a girgiza kai, a tashi. Jimillar maki ba ta koya wa malami komai. Kuskuren yaro ne yake koyarwa.

Kafin zaman, kowane malami ya zana tebur: sunayen ɗalibai a gefe, lambobin tambayoyi a sama. Inda yaro ya ci, a yi alama. Inda ya faɗi, kada a sa sifiri, a rubuta ainihin amsar da ya bayar. Aikin aji mai yara 40 da tambayoyi 6 bai fi minti 30 ba. Sannan kowa ya zo da takardu 6 na ainihi: biyu na waɗanda suka yi kyau, biyu na tsakiya, biyu na ƙasa.

Ga misali. Tambaya ta ce 1/2 + 1/3. A ce cikin yara 110 na azuzuwa uku, 40 sun rubuta 2/5. Wannan ba ganganci ba ne, ba kuma rashin kai ba. Yaran suna bin wata ƙa'ida da suka gina wa kansu: a haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Idan malami ya koma aji ya maimaita hanyar neman lambar ƙasa ta bai ɗaya da ƙarfin murya, za su ci gwajin gobe, su dawo kan 2/5 bayan wata guda, domin tsohuwar ƙa'idar tana nan ba a taɓa ta ba. Abin da rukuni zai tsara shi ne darasin da zai sa yaron ya ga ƙa'idarsa ta karye a gabansa. A zana layin lambobi daga 0 zuwa 1, a sa su nuna inda rabi yake, su nuna inda 2/5 yake. Za su ga 2/5 bai kai rabi ba. Sai a tambaye su: ta yaya mutum zai ƙara wani abu a kan rabi ya samu abin da bai kai rabi ba? Daga nan ne suke buƙatar hanyar da ta dace, sai a ba su 3/6 da 2/6. A kimiyya ma haka ne. Yaron da ya rubuta cewa tsiro daga ƙasa yake samun abincinsa yana da hujjarsa, kuma sai an san hujjar za a iya warware ta.

Rabon minti 80 ɗin da na ga ya fi tsare lokaci shi ne minti 5 a tuna abin da aka yi alkawari a zaman baya, minti 15 kowa ya karanta takardun yaran shiru ba magana, minti 25 a fitar da kurakurai biyu ko uku da suka fi yawa a tattauna dalilinsu, minti 25 a tsara darasin gyara, minti 10 a rubuta wa zai yi me. Shirun nan na minti 15 kada a tsallake shi. Idan aka fara da magana, kowa abin da ya riga ya ɗauka game da yaran zai faɗa, ba abin da ke kan takarda ba.

Abubuwan da ke kashe zaman sanannu ne. Na ɗaya, kuka da yara da iyayensu: ba su da tushe, ba a kula da su a gida. Wataƙila gaskiya ne, amma rukuni ba zai iya canza shi a mako mai zuwa ba. A yi ƙa'ida tun ranar farko cewa abin da ke hannun malami kaɗai ake tattaunawa, kuma mai jagorantar zaman yana da ikon dawo da magana. Na biyu, shugaban sashe ya mamaye fili, ƙananan malamai su yi ta gyaɗa kai. Maganinsa a riƙa juya ayyuka uku kowane mako, mai jagoranta da mai kula da agogo da mai rubutu, kuma sabon malami ya riƙa fara faɗin abin da ya gani kafin manya.

Na uku ya fi su haɗari, kuma yana hannunka, Malam Shugaba. Ranar da ka ɗauki sakamakon gwajin nan ka jera malamai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, ko ka ambata a taro cewa ajin wane ne ya fi faɗuwa, ka gama da abin. Daga ranar malami zai koyar da tambayoyin gwajin kai tsaye, ya zaɓo takardun da ba za su kunyata shi ba. A zagaye biyu na farko ma gara a gauraya takardun a rufe sunan aji, a duba su a matsayin yaran rukuni gaba ɗaya. Idan aminci ya samu, malamai da kansu za su fara tambaya: ajinki kusan kowa ya ci tambaya ta 4, yaya kika koyar da ita?

Sabon Shugaba ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Jadawalin da teburin kurakuran sun zauna mini. Saura biyu. Shiga aji don kallon darasi: malamai da yawa suna ɗaukarsa neman laifi, ta yaya za a yi shi ba tare da an ɓata ba? Sannan babban malamin da ya shekara 25 yana koyarwa, ya girmi shugaban, yana ganin wannan duk wasan yara ne, yaya za a yi da shi?

Mai Horar da Malamai ya amsa:

Malam, malaman da suke ɗaukar shiga aji a matsayin neman laifi galibi suna da dalili, domin abin da suka saba gani ke nan: a shigo da fom, a zauna a baya, a ba da maki, maganar ta ƙare a fayil. Akwai binciken da Jason Grissom da Susanna Loeb da Benjamin Master suka wallafa a 2013, inda aka bi shugabannin makarantu a gundumar Mayami ta Amurka ana rubuta yadda suke kashe ranarsu. An ga cewa zagayen leƙa azuzuwa haka kawai bai zo da ci gaban ɗalibai ba, a makarantun sakandare ma abin ya karkata ga akasin haka, amma lokacin da shugaba ya ɓata yana zama da malami yana taimaka masa ya gyara koyarwarsa ya tafi tare da ƙarin ci gaba. Wato amfanin yana cikin maganar da ke biyo bayan kallon.

Ka ware littafi biyu, ka kuma sanar da malamai a fili. Ɗaya na kimanta aiki ne na hukuma, mai fom da sa hannu, sau ɗaya ko biyu a shekara, da sanarwa tun kafin ranar. Ɗayan na taimako ne, abin da ke cikinsa ba ya shiga fayil ɗin kowa. Idan ka taɓa ɗauko magana daga na biyu ka sa a na farko, labari zai zagaye ɗakin malamai kafin a tashi, kuma ba za ka sake ganin darasi na gaskiya ba.

Ziyarar taimako minti 15 ta isa. Azuzuwa 2 a rana, 10 a mako, cikin mako 12 ka yi ziyara 120, kowane malami cikin 32 ka gan shi sau uku ko huɗu. Ka tsaya a gefe inda za ka ga fuskokin yara, domin su kake kallo fiye da malamin. Ka rubuta abin da ya faru da adadi da lokaci, ba hukunci ba. "Darasi bai yi armashi ba" ba ya taimakon kowa. "Tambayoyi 11, yara 4 ne suka amsa duka, dukansu a layi biyu na gaba" abu ne da malami zai iya kamawa. Ka durƙusa kusa da yara biyu ka tambaye su a hankali me ake koyo yau, kuma ta yaya za su san sun gane.

Cikin kwana biyu ka same shi, a ajinsa ko inda yake zama, ba a kira shi ofis ba. Minti 10. Ka fara da tambayar abin da ya so yaran su fita da shi, ka nuna masa abin da ka rubuta, ku tsayar da abu ɗaya tak da zai gwada, ku sa ranar da za ka dawo. Abu ɗaya, ba bakwai ba. Misali mai sauƙi: tun farkon shekarun 1970 Mary Budd Rowe ta nuna cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa 3 amsoshi suna ƙara tsawo, yaran da ke amsawa suna ƙaruwa. Malami zai iya gwada wannan gobe ba tare da ya sayi komai ba.

Abin da ya fi sauƙaƙa duk wannan shi ne shugaba ya riƙe aji ɗaya, ko darasi 3 ne a mako, ya kuma fara buɗe nasa ajin. Ya gayyaci malamai biyu su kalle shi, su gaya masa abin da suka gani, ya karɓa ba tare da kare kai ba.

Batun babban malami. Ka bambance wanda ba ya iyawa, da wanda ba ya so, da wanda bai yarda da kai ba tukuna. Mai shekara 25 a aji yawanci na ukun ne. Ya ga sababbin tsare-tsare sun zo da ganga sun tafi shiru, don haka shakkarsa ba taurin kai ba ce. Kada ka yi jayayya da shi a taro. Ka je wurinsa kai kaɗai, da girmamawar da ta dace da shekarunsa, ka nemi abin da yake da shi wanda babu a littafi: wane batu ne yara suka fi faɗuwa a kai duk shekara, kuma wane kuskure suke yi? Ya san amsar tsaf. Ka roƙe shi ya tsara tambayoyin zagayen farko. Anthony Bryk da Barbara Schneider, a nazarinsu na makarantun firamare na Shikago da ya fito a 2002, sun nuna cewa makarantun da aminci ya yi ƙarfi tsakanin manyansu su suka fi samun ci gaba, kuma sun ce amincin yana tsayawa a kan girmamawa, da iya aiki, da kulawa da mutum, da cika magana. Na ƙarshen nan shi irin wannan malamin yake jira ya gani. Idan ka ce za ka dawo Alhamis, ka dawo Alhamis.

Malamin da da gaske ba ya iya aikin, ko ba ya shiga aji, lamarinsa dabam ne. Wannan a ofis ake yinsa, a rubuce, da abin da ake so ya gyara da wa'adi da taimakon da za a ba shi, bisa dokar aikin da ta shafi makarantar. Kada a ɗora wa rukuni nauyin gyara shi, kada kuma a kau da kai, domin malaman kirki suna kallon abin da shugaba yake ƙyalewa.

A abu ɗaya na saɓa da Malam Sufeto, tare da girmamawa. Ban ga shugaba ya zauna a zaman rukuni tun zangon farko ba. Mutumin da ke sa hannu a takardar ƙarin girmanka yana zaune, wa zai ce "ban san yadda ake koyar da wannan ba"?

Mataimakiyar Shugaba ta amsa:

Duk abin da aka faɗa yana buƙatar shugaba ya samu kusan awa biyu a rana, kuma ba za su faɗo daga sama ba. Ka yi mako ɗaya kana rubuta abin da ka yi kowane rabin awa. Za ka tarar da sa hannu a takardu, rabon alli da rajista, sasanta ƙananan faɗan yara, da baƙin da ba su yi alkawari ba. Ka miƙa kowanne ga mutum da sunansa, tare da iyakar abin da zai yanke ba tare da ya dawo wurinka ba. Miƙa aiki ba tare da ikon yanke hukunci ba yana ninka zirga-zirga ne kawai. Ka sa lokacin ganin baƙi a ƙofa, ka sa lokacin shiga azuzuwa a jadawalinka kamar darasi.

Kada kuma lambar 0.27 ta sa a raina tsari. Idan kowane darasi yana farawa da lattin minti 5, darasi 8 sun cinye minti 40, wato darasi guda cur kowace rana. A shekarar karatu mai kwana 190 ya haura awa 126. Shugaba ya tsaya a baranda lokacin sauyin darasi na mako biyu a jere, lattin zai ragu ba tare da an rubuta wa kowa takardar gargaɗi ba.

Yaron da ba ya zuwa ba ya amfana da darasin gyara. A duba rajista kowace Juma'a a fitar da duk wanda ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin da aka yi, wato kamar kwana biyu a wata. Malamin aji ya tuntuɓi gida tun a lokacin, da tambaya ba da faɗa ba. Iyaye kuma a ba su rabin shafi a farkon kowane zagaye: ga abin da yaronku zai koya cikin mako 6, ga tambaya ɗaya da za ku iya yi masa a gida ko da ba ku san fannin ba.

Ka tambayi yadda za a gane abin ya kai ga ɗalibai. Kada ka jira jarrabawar ƙarshen shekara, ta yi nisa kuma abubuwa da yawa ne ke motsa ta. Ka kwatanta gwajin mako na 4 da na mako na 6: cikin 40 ɗin da suka rubuta 2/5, nawa suka rage? Bayan wata biyu a sake saka tambaya ɗaya irinta cikin wani gwajin ba tare da sanarwa ba, a ga ko gyaran ya zauna. Ka kuma ƙirga zama nawa aka yi cikin waɗanda aka tsara. Idan 12 aka tsara aka yi 7, ka nemi abin da ya cinye biyar ɗin kafin ka zargi tsarin.

Tsohon Sufeto ya sake amsawa:

Malam Mai Horarwa, damuwarka tana da tushe, na karɓi rabinta. Amma idan shugaba bai taɓa zama ba, abin da zai sani shi ne abin da ke shafin rahoto, kuma ba zai gane lokacin da rukuni ya koma hira ba sai zango ya ƙare. A raba tsakani: zama biyu na farko ya bar su su kaɗai su kafa ƙa'idojinsu. Bayan haka ya riƙa zagayawa, rukuni biyu a mako, ta yadda kowane rukuni zai gan shi sau ɗaya a mako uku. Ba shi zai jagoranta ba, ba zai zauna a mazaunin shugaban taro ba, shi zai yi magana a ƙarshe, kuma idan yana riƙe da aji ya zo da takardun yaransa 6 kamar kowa, har da biyun ƙasan.

Ƙari ɗaya ga mai tambaya, tunda zango ya riga ya fara kuma sauya jadawali gaba ɗaya yanzu zai rikita makaranta. Fara da rukuni ɗaya, malaman lissafin nan uku tare da shugaban sashensu. Musanya darasi biyu ko uku kawai zai buɗe musu gurbi. Su yi zagaye ɗaya cikakke, sannan a taron ƙarshen zango ka ba su minti 20 su nuna wa sauran malamai teburin kurakuran da sakamakon gwaji na biyu, su da bakinsu ba kai ba. Jadawalin zango mai zuwa kuma a zauna kansa tun kafin a tafi hutu, da guraben rukunoni shida a toshe.